Kada Amana Ta Bi Mai Ita Kabari: Darasin Kan Iyaka Daga Kudancin Kano

Ranar 13 ga Yulin 2025 Allah ya yi wa tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari rasuwa a Landan. Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka ɗage zamansu, da suka dawo kuma suka keɓe lokaci na musamman, 'yan majalisa suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna ambaton alherin marigayin suna yi masa addu'a. Sai dai ta'aziyyar da ta fi nauyi a siyasar wannan yanki a Daura aka yi ta. Cikin manyan baƙin da suka halarci jana'izar ranar 15 ga watan har da Firaministan Nijar, Ali Lamine Zeine, wakilin gwamnatin sojan da Najeriya ta yanke wa wutar lantarki ta kuma rufe wa iyaka shekara biyu kafin nan, lokacin da ake ta buga gangar yaƙi. Mutane da yawa suna ɗaukar irin wannan zuwa gaisuwa, da jawaban yabon da ake yi a zauren majalisa, a matsayin al'adar da ba ta tsinana wa kowa komai. Ni kuwa ina ganin tana da aiki babba, in an san aikin. Tarihin ƙasar Hausa ya nuna cewa sulhu tsakanin maƙwabta ya fi shiga haɗari a ranar da wanda ya ƙulla shi ya kau, kuma ba ya tsira sai in akwai waɗanda suka karɓi amanar a bainar jama'a, suka kuma ga amfanin kansu a cikin riƙe ta. Babu inda wannan darasi ya fito fili kamar kudancin Kano, ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Wanda ya tsaya a Kwanar Dangora yau yana kallon manyan motoci suna wucewa Zariya, wasu suna karya kwana su nufi Tudun Wada da dajin Falgore su ɓulle Jos, zai ɗauka a tsakiyar ƙasa yake, nesa da kowace iyaka. A ƙarni na 19 nan ne bakin ƙasar Kano: Zazzau tana kudu, Bauchi da duwatsun Ningi suna kudu maso gabas. Bebeji babban zango ne a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya da Nufe, har Baturen nan Clapperton ya ratsa ta cikinsa a 1826 ya same shi gari mai ganuwa da ciniki. Riruwai kuma, can ƙasar Doguwa, ta yi suna da kuza tun kafin zuwan Turawa. Arzikin yankin, ga ƙasar noma ga hanyar fatauci, shi ya mayar da shi abin hari. Shi ya sa sarakunan Kano tun daga Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, suka riƙa ƙarfafa garuruwan gefe suna mayar da su ribaɗi, ana zaunar da mayaƙa da iyalansu domin su tsare hanya su kuma zame wa manoma mafaka. Manomin wancan zamani kusa da ganuwa yake yin gonarsa, domin wanda ya yi nisa da ita ba shi da tabbacin kwana a gida.

Babbar barazanar daga Ningi ta fito, kuma asalinta rikicin cikin gida ne. Wajen 1846, zamanin Sarkin Kano Usman, wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa saboda jayayya a kan haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa waɗanda ba su miƙa wuya ga daular Sakkwato ba. Cikin 'yan shekaru haɗakar ta zama ƙasa mai sarki da runduna. Zamanin Ɗan Maje, daga 1855 zuwa wajen 1870, da na Haruna Ƙarami bayansa, mahara suka addabi kudancin Kano da ƙasar Bauchi da gabashin Zazzau, suna kwashe mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya shafe babban ɓangare na sarautarsa yana fafatawa da su, yana fita da kansa ya yi sansani wata da watanni, amma bai murƙushe su ba, domin da an matsa musu sai su haye duwatsu inda dawakan Kano ba su da amfani. A Zazzau kuwa, zamanin Sarki Sambo, harin Haruna ya kai har bakin birnin Zariya. Shekara arba'in ana wannan ɗauki-ba-daɗi, kowane ɓangare yana da ƙarfin cutar da maƙwabcinsa, babu mai ƙarfin gamawa da shi. Duk rikicin da ya kai nan, ba abin da ya rage masa sai zaman sulhu.

An kuwa gwada. Bayan rasuwar Haruna wajen 1886, Gajigi ya gaje shi, ya karkata ga neman amana da sarakunan da ke kewaye da shi. A tsarin daular Sakkwato akwai hanyar yin haka: a ba maƙwabcin da ba ya ƙarƙashinka aminci, a daina kai wa juna hari, fatake su wuce lafiya. Amma sulhun Gajigi bai wuce 'yan shekaru ba. Mayaƙan da suka tashi cikin hari, waɗanda dukiyarsu da girmansu suka dogara da ganima, ba su ga abin da zaman lafiya zai ba su ba. Usman Ɗan Yaya ya kawar da Gajigi ya hau, hari ya dawo. Amanar a wuyan mutum ɗaya ta rataya, da ya faɗi ta faɗi tare da shi. A ɓangaren Kano ma haka: da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893 basasa ta ɓarke tsakanin Tukurawa da Yusufawa, Yusufawan da suka yi sansani a Takai suka nemi taimakon Ningi, dangantakar ƙasa da ƙasa ta koma makamin rikicin gidan sarauta. Ƙarshen abin sananne ne. Rundunar Ingilishi ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, Bebeji ce ta fara tsayawa a gabanta, igwa ta fasa ƙofarta, ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi. Hare-hare sun tsaya, amma baƙo ne ya tsayar da su da bakin bindiga, kuma Kano da Ningi duka da 'yancinsu suka biya kuɗin wannan zaman lafiya.

A arewacin Kano labarin ya sha bamban, kuma a wannan bambanci jigon maganar yake. Bayan jihadi ya ci Katsina a 1807, gidan tsohuwar sarauta ya koma arewa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Gabar ba ƙarama ba ce. Ɗan Baskore na Maraɗi ya sha kai hari cikin ƙasar Katsina har yammacin Kano, Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga kuma ya kawo yaƙi har Gezawa a 1898. Duk da haka ayarin gishirin Azbinawa bai daina saukowa Kano ba, turkuɗin Kura bai daina tafiya wurin Buzaye ba, almajirai ba su daina ƙetarawa neman karatu ba. Akwai jama'a mai yawa, madugai da fatake da dillalai da masu masauki da marina da malamai, waɗanda tuwonsu ya dogara da buɗewar hanya, sarakunan da ke yaƙin su ma suna bukatar kuɗin da hanyar ke kawowa. Da Ingila da Faransa suka zauna suka raba ƙasar a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, layin ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Gobir biyu, amma bai iya raba wannan jama'a ba. Layin dogon da ya ratsa ƙasar Kiru ta Dangora ya isa Kano a 1911 ma ƙara ɗaure su ya yi, domin shekaru da dama gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi ta gangara bakin teku.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, shugabannin ƙasashen biyu sun yi abin da Gajigi bai samu damar yi ba: sun fitar da amanar daga hannun mutum suka sa ta a hannun hukuma. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, Shugaba Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara, kuma a Yamai aka yi zaman neman sulhu na Yulin 1968 wanda Gowon da Ojukwu suka halarta. Da yaƙin ya ƙare, zumuncin bai tsaya a godiyar baki ba. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar mai hedikwata a Yamai. A 1990 aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da ƙasashen suka yi tarayya a kai, ciki har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe. Najeriya ta riƙa sayar wa Nijar wutar lantarki har ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke sha, jami'an Najeriya kuma sun sha bayyana cewa hakan yana da nasaba da kare ruwan Kwara da ke gangarowa madatsar Kainji. An hamɓarar da Diori a 1974, Gowon a 1975. A Nijar, Shugaba Kountché ya rasu a 1987, an kashe Shugaba Ba'are Mainasara a 1999. Gwamnatoci sun zo sun wuce a ɓangarorin biyu, amma ƙasashen ba su taɓa ɗaga wa juna makami ba. Wannan zaman lafiya gina shi aka yi, kuma abin da aka gina ana iya rushe shi.

An kusa rushe shi a 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga watan ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Bola Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ƙaƙaba takunkumi ta kuma ba da wa'adin kwana bakwai, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya tanadi cewa ba a tura soja fagen yaƙi a wajen ƙasa sai da amincewar Majalisar Dattawa, don haka idanu suka koma kanta. Ƙungiyar Sanatocin Arewa ta fitar da sanarwa tana tir da juyin mulkin, tana kuma gargaɗin cewa yaƙi zai faɗa kan jihohi bakwai masu iyaka da Nijar: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta yanke shawarar a bi hanyar siyasa da tattaunawa. Shugaban ƙungiyar sanatocin a lokacin Sanata Abdul Ningi ne, mai magana da yawunta kuma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu, mazaɓar da ta haɗa Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Wakilan Ningi da kudancin Kano da kakanninsu suka shafe rabin ƙarni suna zubar da jinin juna su ne suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka ce kada a buɗe sabon bakin daga. Bayansu sai tsofaffin hanyoyi suka motsa: Muhammadu Sanusi na Biyu, tsohon Sarkin Kano a lokacin, ya gana da Tiani ranar 9 ga Agusta, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka koma Yamai suka samu ganawar da ta gagara a zuwansu na farko.

Mai suka zai ce to, ai wannan ƙuduri ne na majalisa, ina ruwansa da jawaban ta'aziyya, waɗanda galibi yabo ne da ke rufe laifi? Sukar tana da tushe. Buharin da aka yaba da ƙaunar Nijar, wanda gwamnatinsa ta ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, shi ne ya rufe iyaka a 1984 ana tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunansa. Shi ne kuma ya sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Jawabin da ya tsallake wannan ya tauye tarihi. Amma maganin ta'aziyyar da ba ta faɗi gaskiya ba shi ne a yi wadda ta faɗa, a ambaci alherin mamaci a kuma ambaci abin da ya bari bai kammala ba. Zaman ta'aziyya na daga cikin 'yan lokutan da mai mulki da ɗan adawa suke magana da murya ɗaya, ana rubuta abin da kowa ya faɗa a kundin majalisa, jakadun maƙwabta suna saurare. Ɗan majalisar da ya miƙe ya ce Nijar 'yar'uwa ce ya ɗaure kansa da kalmarsa, kuma ranar da za a kawo maganar rufe iyaka ko tura soja, mutanen mazaɓarsa suna da abin da za su tuna masa da shi. Ta haka amana ke tashi daga wuyan mamaci ta koma wuyan masu rai.

Suka ta biyu ta fi nauyi: cewa matsayin majalisa ya ba masu juyin mulki kariya, ga shi bayan shekara biyu Bazoum yana tsare, Tiani kuma an rantsar da shi na shekara biyar a Maris ɗin 2025. Tsare zaɓaɓɓen shugaba zalunci ne, kuma duk mai son Nijar ya kamata ya ci gaba da neman a sake shi. Sai dai a duba abin da matsin lamba ya haifar. Kusan wata bakwai na takunkumi bai dawo da Bazoum ba. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne marasa lafiya a asibitocin da wuta ta ɗauke, da direbobin da motocinsu suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, da 'yan kasuwar Dawanau da masu sayen hatsinsu suka daina zuwa. ECOWAS da kanta ta janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyaka a Maris, amma ɓarnar ta riga ta auku: Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. A Nuwambar 2024 kuma hedikwatar tsaron Najeriya ta danganta ƙarfin da Lakurawa suka yi a Sakkwato da Kebbi da lalacewar haɗin gwiwar tsaro bayan juyin mulkin. In takunkumi kaɗai ya bar wannan giɓi, yaƙi me zai bari? Mutanen Doguwa da Tudun Wada, da suka ga lokacin da ɓarayin shanu suka mayar da dajin Falgore maɓoya, sun san cewa bindigar da ta shigo ta iyakar da babu mai tsaronta ba ta tsayawa a garin farko.

Akwai kuma mai cewa amana sai da abokin ƙullawa, alhali sojojin Nijar sun rusa majalisar dokokinsu, kuma a Disambar 2024 Tiani ya fito cikin harshen Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa a kan ƙasarsa, zargin da Najeriya ta musanta. Amsar tana cikin abin da ya biyo baya. A Afrilun 2025 Ministan Harkokin Wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, cikin abin da suka tattauna har da farfaɗo da hukumar nan ta 1971. An samu inda za a koma ne saboda wasu sun kafa shi shekara hamsin da suka wuce. Haka ta faru a Ireland ta Arewa, inda yarjejeniyar 10 ga Afrilun 1998 ta kawo ƙarshen rikicin kusan shekara talatin da ya ci rayuka fiye da 3,500. An miƙa ta ga jama'ar ɓangarorin iyaka biyu suka kaɗa mata ƙuri'a, aka kafa majalisar ministoci ta haɗin gwiwa. Majalisar Belfast ta tsaya cak daga 2017 zuwa 2020, ta sake tsayawa daga 2022 zuwa 2024. Cikin waɗanda suka ƙulla ta, John Hume ya rasu a 2020, David Trimble a 2022. Yarjejeniyar kuwa tana nan, kuma jimamin kowannensu ya zama lokacin da 'yan siyasar Dublin da Landan da Belfast suka sake jaddada ta. Rashin majalisa a ɗaya ɓangaren ƙara nauyi yake yi a kan wadda ke zaune, domin ita ce za ta riƙe igiyar har abokiyarta ta dawo.

Saboda haka abin da ya kamata a nema daga Majalisar Tarayya, da majalisun jihohin Kano da Katsina da Jigawa, shi ne kowane zaman ta'aziyyar shugaban da ya taɓa riƙe wannan zumunci ya ƙare da aiki. A tambayi kasafin Hukumar Haɗin Gwiwa da ranar zamanta na gaba. A bi diddigin layin dogon Kano zuwa Maraɗi har a ga jirgi ya tashi. A kafa ƙa'idar cewa rufe iyaka ko yanke wuta, tunda suna iya kashe talaka kamar yadda harsashi ke yi, sai an kawo su gaban wakilan jama'a an yi muhawara. A ba sarakuna da malamai da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi kujera ta dindindin a tattaunawar, maimakon a tuna da su sai wuta ta kama. Gajigi ya rasa sulhunsa ne saboda masu cin ribar hari sun fi masu cin ribar hanya haɗin kai. Manomin masara da shinkafa a Tudun Wada, da mai kai tumatur daga Bebeji, da dillalin shanun da ke jiran garke daga arewa, su ne masu cin ribar hanya a yau, kuma suna da abin da kakanninsu ba su da shi, wato ƙuri'a. Haƙƙinsu ne su tambayi duk mai neman kujerar majalisa inda zai tsaya ranar da aka sake kawo maganar yaƙi da maƙwabci, su kuma riƙe shi da amsar da ya bayar.